Abin da ke Kashe Kabewa a Girinsboro

Jirgin ƙasan da ake kira Carolinian yana tashi daga Niyok da sassafe. Yakan bi ta Filadelfiya da Baltimo, ya tsaya a Washinton a sauya masa kai, a kwance mai aiki da lantarki a ɗaura mai shan dizal, sannan ya miƙa kudu ta Bajiniya, sai da yamma liƙis ya sauke mutum a Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa. Yini guda ake yi ana tafiya, kuma a ƙarshen watan Yuni ba abin da ido yake gani ta taga sai kore. Da an nausa kudu sai a fara cin karo da wani yaɗo mai suna kudzu, ya haye itatuwa, ya naɗe turakun waya, ya binne tsofaffin rumbunan taba har rufi. Daga Japan aka kawo shi a 1876, a shekarun 1930 gwamnati ta riƙa ba manoma kuɗi su dasa shi don ya hana zaizayar ƙasa, yau kuma an rasa yadda za a yi da shi. A ƙasar da yaɗo yake haɗiye gini sukutum, kabewar Kawu ta ƙi kaiwa kaka shekara da shekaru. Ƙorafin da nake ji ke nan duk lokacin da muka yi waya, kuma shi na tarar da na sauka.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. A wani ƙauye kusa da Maraɗi ya tashi, hannunsa ya saba da hauya tun kafin ya san akwai wani abu wai shi fasfo. Girinsboro gari ne da 'yan Nijar suka yi yawa a cikinsa, Zabarmawa da Hausawa, ga shagunan da mutum zai samu daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Aikin dare yake yi a wani makeken sito. In ya dawo da asuba ya yi salla, ba ya kwanciya sai ya zagaya bayan gida, inda ya tada garkarsa: fangali huɗu da aka kewaye da katako aka cika da sayayyar ƙasa, domin ta yankin jar laka ce, in ta jiƙe ta cire wa mutum takalmi, in ta bushe sai an sa diga. Yakuwa ta yi. Kuɓewa ta yi har ana raba wa maƙwabta. Tumatir da attaruhu ba a magana. Kabewa ce kaɗai ta gagare shi.

Duk shekara labarin ɗaya ne. Zai shuka a ƙarshen Afrilu bayan sanyi ya janye, ta fito da ƙarfinta, ta baza ganye, ta yi fure, ta fara ɗaura 'ya'ya. Sai wata rana da azahar a ga ganyen ya yi yaushi ya sunkuya. Da magariba ya miƙe, kashegari ya sake langaɓewa, bayan 'yan kwanaki ya kwanta bai ƙara tashi ba. Manomin da ya girma a bakin Sahara, in ya ga ganye ya yi yaushi, abu ɗaya ya sani: ƙishirwa. Kawu ya ja tiyo ya yi ta ba da ruwa safe da yamma har kuɗin ruwa ya hau. Da hakan bai yi ba ya zargi ƙasa, ya ƙara taki. Ya zargi iri, ya canza shago. Hajiya, matarsa, ta ce ko bakin mutane ne, tun da ba baƙon da zai shigo gidan ya fita bai yaba garkar ba.

Wadda ta warware zancen maƙwabciyarsu ce ta bayan danga, wata dattijuwa baƙar fata da ba ta daɗe da dawowa wurin 'yarta ba. Iyayenta manoman taba ne a gabashin jihar, ta ce tun tana yarinya ake sa ta tsince tsutsa a gona. Da safe ta leƙo ta ga Kawu riƙe da tiyo a kan kabewar da ta riga ta fara kwanciya.

Ta ce, “Maƙwabci, ajiye ruwan nan. Ba ƙishi take ji ba, cinta ake yi.”

Ta zagayo da 'yar kujerarta da reza da kwalbar sifirit. Ganye ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yaye shi gefe ta kai hannu gindin, daidai inda kara ya fito daga ƙasa, ta ce mu durƙusa mu gani. Wurin ya kumbura, ya tsage, ya yi laushi, ga wani ɗan rami, a bakinsa wani abu ruwan ɗorawa ya taru kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Kashin tsutsa ne. Ta goge rezar, ta sa bakinta a ramin ta ja sama a hankali, bisa tsawon karan, tana gargaɗin kada a kuskura a yanka a gicciye, domin nan ne ruwa yake bi. Da ta buɗa tsagar da babban yatsa sai ga ta kwance: fara sol, ƙatuwa, jikinta duk gaɓa-gaɓa, kanta ruwan ƙasa, tsawonta ya kusa inci ɗaya. Cikin karan ya zama kogo, wari na tashi. Ta zaro fil daga gashinta ta ƙwaƙulo ta, ta ƙara tsagawa gaba kaɗan, ta fito da ta biyu. Kawu ya yi ta salati. Ya ce, “Ashe ni ina ba da ruwa, su suna ciki suna walima.”

Aikin bai ƙare a nan ba. Ta haɗe bakin tsagar, ta tara ɗanyar ƙasa a kai har ta rufe ciwon, ta ce a bar wurin da damshi. Sannan ta bi yaɗon, duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa ta zuba mata tafi biyu na ƙasa ta danna. Kabewa mai yaɗo tana iya fitar da saiwa daga kowace gaɓa, saboda haka ko gindin farko ya ruɓe, ragowar jikin zai ci gaba da sha ta sababbin saiwoyin. Ta ce ba kowace ke tashi bayan fiɗa ba. Wadda aka kama da wuri takan murmure, wadda tsutsa huɗu ko biyar suka riga suka rarake cikinta sai dai a cire. Zukini, wadda Kawu ya dasa don yaransa, ita ta fi saurin mutuwa, domin ba ta yaɗo, kara ɗaya gare ta, in aka cinye shi an gama.

Uwar tsutsar kuwa da azahar muka ganta. Muna zaune a inuwa sai Hajiya ta yi tsalle ta ja baya tana cewa zanzaro. Ƙwaro ne mai jan ciki da ɗigo-ɗigo baƙi a gadon baya, fukafukan gaba baƙi-baƙi masu ƙyallin kore, na baya garau ana hango abu ta cikinsu, ƙafafun baya cike da gashi ja da baƙi. Yana tashi da ƙugi, yana shawagi ƙasa-ƙasa tsakanin ganye. Ba ya harbi ko kaɗan. Dangin malam-buɗe-littafi ne, daga ɓangaren waɗanda galibinsu da dare suke yawo, amma shi ya ari kamannin mai harbi ya koma fita da rana tsaka, tsuntsaye suna kauce masa. Masana suna kiransa Melittia cucurbitae, kuma ɗan asalin nahiyar Amurka ne, ya fi yawa a gabashin duwatsun Roki. Nahiyar ce ma mahaifar kabewar kanta. A kogon Guilá Naquitz da ke Meziko an tono irin kabewar da mutane suka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma ba ta iso mana ba sai bayan da jiragen Turawa suka fara ƙetare Atlantika, ita da masara da gyaɗa da barkono. Kabewa ta ƙetaro teku, wannan maƙiyin nata bai biyo ta ba. Shi ya sa manomi zai tsufa a ƙasar Hausa yana shuka ta a bayan ɗaki bai taɓa ganin irin wannan mutuwa ba.

Macen ta sauka a gindin wata shuka, ta lanƙwasa ciki, ta tashi. Da muka duba sai ga ƙwai guda ɗaya manne a jikin kara, ruwan ƙasa-ƙasa, a baje, bai wuce milimita ɗaya ba. Haka take yi, ɗaya nan ɗaya can, kuma mace guda tana iya saka 150 zuwa 200. Da farce ake kankare shi. Dattijuwar ta ce ita salatif take naɗawa a yatsa ta riƙa ɗauke su. Ta ƙara da cewa da sassafe ko gab da magariba ƙwaron yakan lafe a kan ganye jikinsa a mace, a lokacin da hannu ma ana kama shi.

Kawu ya ce sai mun je wurin malaman gona ya ji daga bakinsu. A Amurka tun dokar 1914 kusan kowace gunduma tana da ofishin da ke haɗa jami'a da manomi, kuma a wannan jihar jami'o'i biyu ne ke riƙe da aikin, ɗaya a Rale, ɗaya a nan Girinsboro, wato A&T, wadda aka kafa a 1891 don baƙaƙen fata. Daga ita ne ɗalibai huɗu suka fito ranar 1 ga Fabrairu, 1960, suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa farare, suka ƙi tashi. Mun wuce ta gaban ginin, yanzu gidan tarihi ne. Kawu ya nuna mini shi da haɓa, hankalinsa yana kan tsutsa.

A lambun gwaji na ofishin gunduma muka samu wani dattijo ɗan sa-kai, cikin waɗanda ake horarwa su riƙa amsa tambayoyin masu lambun gida kyauta. Ya saurari Kawu har ƙarshe, sannan ya jero masa rayuwar ƙwaron tiryan-tiryan. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda ko kwana goma. 'Yar tsutsar ba ta ɓata lokaci a waje, nan take take huda kara ta shige. Tana yin mako huɗu zuwa shida a ciki tana ci. In ta ƙoshi sai ta fito, ta nutse cikin ƙasa inci ɗaya zuwa biyu, ta saƙa wa kanta gida ta kwanta. A jihohin arewa, irin su Minesota, sau ɗaya take zagayowa a shekara: ƙwaron ya fito ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, ya yi 'yan makonni ya ɓace, don haka wanda ya jinkirta shuka har cikin Yuli yakan tsira. A kudu kuwa zafi ya fi tsawo, tana iya zagayowa sau biyu, ta fara tun watan Mayu, ta sake dawowa a tsakiyar zafi.

Nan ne Kawu ya katse shi. Ya ce ai shi duk ƙarshen shekara yana tattara busasshen yaɗo ya fitar da shi daga gidan, bai taɓa barin ko sili ba. Na gane inda ya dosa. A gida tsutsar karan gero da ta dawa cikin busasshen kara suke rani, a jikin danga da rufin rumbu, su jira ruwan farko, kuma duk manomin kirki ya san in ya kawar da kara ya rage ɓarnar baɗi. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce wannan ba ta kwana a kara. Kafin yaɗo ya bushe ta daɗe da sauka ƙasa. Wanda zai cire shuka ya cire ta ranar da ta mutu, tun tsutsar na ciki, ya ƙulle a leda ya bar ta a rana ko ya jefa a shara, kada ya kai ta juji inda yake haɗa taki. Sau biyu ke nan sanin gida ya kai Kawu ya baro, na farko a kan ruwa, na biyu a kan kara, kuma duka biyun da a Maraɗi ne da ya yi daidai.

Dattijon ya nuna mana wani fangali da aka lulluɓe da farin yadi shara-shara, mai barin ruwa da haske su wuce, an danne bakinsa da ƙasa da bulo ta ko'ina. In macen ba ta samu inda za ta sauka ba, zance ya ƙare. Amma akwai sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, kada a lulluɓe wurin da aka yi kabewa bara, domin ƙwaron zai fito daga ƙasa ya tsinci kansa a ɗaki ɗaya da abincinsa, an kuma kulle musu ƙofa. Na biyu, in fure ya buɗe dole a yaye yadin ƙudan zuma su shiga, ko kuwa mutum ya yi aikinsu da hannunsa. Ya tsinko furen namiji, mai siririn wuya, ya yage ganyen furen, ya shafa tsinken tsakiya a cikin furen mace, wadda ake ganewa da ɗan ƙullutun kabewa a ƙarƙashinta. Da sassafe ake yi, kafin furen ya tsuke. Kawu ya ce wannan bai fi ƙarfinsa ba, lokacin ne ma yake dawowa daga aiki.

Maganin feshi dattijon bai ba shi muhimmanci sosai ba, kuma na ga dalilinsa. Da zarar tsutsa ta shige kara, abin da aka fesa a waje ba ya isa gare ta. Damar ƙanƙanuwa ce, tsakanin ƙyanƙyasa da huda, don haka sai an riƙa maimaitawa duk mako a gindin shuka muddin ƙwaron yana tashi. Mai yi ya yi da yamma, ya kauce wa fure, domin akwai wani ƙudan zuma na daji da rayuwarsa kacokan a kan furen kabewa take, da asuba yake fita, mazansu har barci suke yi a cikin furen da ya tsuke. Wasu suna zuƙar maganin nan na ƙwayar halitta da ake kira Bt a sirinji su yi wa karan allura a saman ramin. Wasu suna naɗe gindin da takardar alminiyam ko tsohuwar safar mata. Wasu suna ajiye roba ruwan ɗorawa cike da ruwa, launin ya ja ƙwaron ya faɗa. Na ga duk waɗannan a lambunan unguwar, kuma a ganina robar ƙararrawa ce kawai, tana sanar da mutum baƙo ya iso amma ba ta kore shi. Naɗin alminiyam kuwa, macen takan hau sama da inda aka naɗe ta saka ƙwanta, ga shi sai an riƙa kwancewa ana sake ɗaurawa yadda karan yake kauri.

Ran Asabar muka je kasuwar manoma ta cikin gari. Wani mai sayar da zukini da farar kabewa, da na tambaye shi yadda nasa suke tsira, ya ce hadaya yake bayarwa. Akwai wata ƙatuwar kabewa mai shuɗiyar fata, Blue Hubbard, wadda ƙwaron ya fi so fiye da kowace. Yakan riga dasa ta da kimanin mako biyu a kusurwoyin gona, ƙwarin su taru a kanta, shi kuma ya yi maganinsu a nan, sauran gonar ta huta. Jami'ar Linkon da ke Misuri ta yi gwaje-gwaje a kan wannan dabara ta kuma yaɗa ta ga ƙananan manoma. Ga mai eka guda abin ya yi. Ga mai fangali huɗu a bayan gida ina shakka, tun da tazarar tarkon da abin da ake karewa ba ta fi taku uku ba.

Abin da ya fi kwanta mini, shi ne wanda ya fi arha. A teburin gaba wata mata tana sayar da dashen batanot, kabewar nan mai dogon wuya da fata ruwan madara. Danginta karansu a cike yake, ga tauri, ba kogo a tsakiya irin na zukini da Hubbard da jar kabewar da Amurkawa suke sassaƙawa a ƙarshen Oktoba. Tsutsar tana wahala kafin ta samu wurin zama a ciki, kuma yaɗon yana kafa saiwa a gaɓoɓi da kansa. A wannan dangin akwai ta Seminol, wadda 'yan asalin Fulorida suka daɗe suna nomawa cikin zafi da damshi, da wata doguwa mai lanƙwasa ta Italiya da ake ci ɗanya-ɗanya a madadin zukini. Kankana da kokwamba ma ƙwaron bai cika kula su ba. Mutumin da yake kwana a tsaye a sito ba shi da lokacin farautar ƙwai ɗaya-ɗaya da farce har tsawon makonni. Ya zaɓi irin da zai yi faɗan da kansa.

Kawu ya yi gardama. Ya ce shi kabewa yake so, mai zagaye, irin wadda ake yanka tsagi-tsagi a kasuwar Maraɗi, ba wannan mai kama da gora ba. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta sayi batanot biyu a kanti a kan hanyarmu ta komawa, da daddare ta yi miyar taushe da yakuwar garka da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ta ce, “Malam, ɗanɗana ka faɗi gaskiya.” Ya ce ta ɗan yi zaƙi. Ta ce ai shi ya sa ta ƙara yakuwa. Ya ƙara tuwo bai sake magana ba. Bayan isha'i ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi. Maƙwabciyar ta gaya masa in aka kanga haske a bayan kara cikin duhu ana iya ganin inuwar tsutsa, sai a soke ta da allura daga waje ba sai an tsaga ba. A kan kara na uku muka ga inuwar, 'yar gajeriya, tana motsi. Ya yi bisimilla ya soka.

Da kaka ta yi na kira shi daga gida. Ya ce cikin waɗanda aka yi wa fiɗa wasu sun tashi har sun ba da 'ya'ya, zukinin kuwa duk ta tafi. Dashen batanot da ya sa a makare ya haye danga ya faɗa gidan maƙwabciyar, sun raba abin da ya haifa. Ya ce ya kifar da ƙasar fangalin da shebur ya bar ta a buɗe don tsuntsaye da sanyi, kuma da yake tonawa ya riƙa tsintar gidajen tsutsar, baƙi-baƙi, ƙasa ta manne musu, masu tauri in an matsa. Baɗi zai mai da kuɓewa wurin, kabewa ta koma fangalin yakuwa a ƙarƙashin yadi. Abin da ya rage masa shi ne gidan da ke ɗaya gefen, inda wani matashi yake shuka zukini duk shekara ya bar ta ta mutu a tsaye. Kawu ya ce ya yi masa sallama sau da yawa ta kan danga, har yanzu bai samu yadda zai ɗauko masa zancen ba.